Damunar da Aka Hana Mu Jinya

Tun shekaranjiya ake ruwa a Gombe, irin ruwan marka da ba ya tsawa ba ya iska, sai dai ya yi ta zuba kamar an manta da shi. Ina zaune a barandar gidan ɗana a unguwar Malam Inna ina kallon yadda ruwan yake tara yashi a bakin ƙofa, sai jikata Maryam ta fito da lema da jaka, wai tana da mitin. Na ce wane irin mitin ne a cikin wannan ruwa, ko mazaje za a raba muku? Ta yi dariya, ta ce ƙungiyarsu ta mata ce za ta zauna da ma'aikatan lafiya a kan yadda za a tafiyar da asibitin unguwa, har an ware musu kujeru. Na yi mata addu'a ta fita tana tsallake kududdufi. Ni kuwa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya mai da ni unguwar Bolari, wata damuna da azumi ya faɗo a tsakiyarta, lokacin ina da ƙuruciyata.

Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasa. Ma'aikata na ta sayen rediyo da babur, kowane kanti ka leƙa madarar gwangwani ce da burodi, amma ruwan sha sai ka bi 'yan ga-ruwa kana roƙo, ko ka dogara da rijiyar gida. Maigidana, Malam Isa, yana aiki a gidan gurzar auduga. Mu mutanen Funtuwa ne, audugar ce ta kawo mu. Gidan haya muke zaune, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, madafa ɗaya. Ɗakin da ke kallon nawa na Saratu ne, 'yar Tangale daga Kaltungo, Kirista, mijinta malamin firamare. Ɗa ɗaya gare ta, Dauda. Ni kuma ina da Binta, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, ga Sani ina goyo yana shan nono.

Binta 'yar fari ce, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ko faɗuwa ya yi sai dai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, haka na yi. In ina nemanta sai in ce "ke" ko "waccan yarinyar". Saratu ta kasa gane wannan al'ada. Da gangan take tsayawa a tsakar gida ta ƙwala mini kira, Maman Binta, Maman Binta, don kawai ta ga na sunkuyar da kai ina harararta. Ina sonta, ina kuma jin kamar in jefe ta da muciya.

Damunar ta zo da ƙarfi. Kwarin da ya ratsa unguwa yana ruri tun safe, yana cin gefen gidajen mutane. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, gero ya yi tsada a kasuwa. Mun koma kwaɗon rama da zogale da ɗan ƙuli-ƙuli, tuwo sai jefi-jefi. Itace kuwa duk ya jiƙe. Da asuba in na tashi ɗumama sahur, sai in yi ta hura wuta hayaƙi na cika mini ido, har Saratu ta ji tarina ta miƙo mini garwashi daga ɗakinta, ita da ba azumin take ba. Da rana babu zafi, amma yunwar damuna daban ce, sanyi ke shiga da ita har cikin ƙashi. Da la'asar in dama kunun tsamiya, in soya ƙosai, yaran maƙwabta su fita mini da shi talla. Tufafi ba sa bushewa. Zanen goyon Sani kullum da ɗanshi, ɗaki na warin gumi da hayaƙi.

A cikin haka ruwa ya cika shaddodin bayan gida ya malalo, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga rijiyoyi. Ba mu sani ba, sai da mutane suka fara faɗuwa. Amai da gudawa, mutum da safe yana tafiya da ƙafarsa, kafin la'asar idonsa ya faɗa ciki, fatarsa in ka ja ta ba ta komawa. Hukumar gari ta kafa kwamiti, kwamiti ya fito da doka. An hana tallar abinci, an zuba magani a rijiyoyi, kuma duk wanda ya kamu duba-gari za su ɗauke shi zuwa wani tsohon siton auduga a bayan gari, wanda aka zagaye da waya. Sashen dokar da ya fi ci mana rai shi ne na ƙarshe: ba a yarda kowa ya bi mara lafiya ciki ba, ko uwa ce.

Wanda bai san mu ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Mu kuwa ba mu taɓa jin an bar mara lafiya ba mai jinya ba. Ko bare ne ya kwanta a zaure, sai an sami mai zama kusa da shi yana kore masa ƙuda. Yanzu in na je asibiti na ga masu jinya sun baje tabarmi da fulas-fulas, ma'aikata na ta faɗa da su a kan cunkoso, sai in yi murmushi kawai.

Dauda ya fara kamuwa da dare, washegari Binta. Mota ɗaya ce ta ɗauke su. Na bi ta a guje har bakin kwari, Sani na tsalle a bayana, ban ma san ban ɗauki mayafi ba. Ban kira sunanta ba. Ina jin muryarta tana kirana daga cikin motar, bakina ya buɗe, amma sunan ya ƙi fita.

Tun daga ranar muka koma 'yan bakin waya. Kullum da safe ni da Saratu mu gangara kwari mu hau, mu bi ta gonakin masara har siton. Can za mu tarar da mata tsaitsaye, Hausawa da Fulani da Tangale da Terawa da Waja, wasu da lema, wasu sun kifa faranti a ka, wasu haka nan ruwa ke dukansu. Ba ma ganin komai sai ginin kwano da ƙofa a rufe da warin magani. Mata sukan ɗaga murya su kira sunan 'ya'yansu, ko Allah zai sa yaro ya ji ya san ba a yar da shi ba. Saratu takan kira Dauda har muryarta ta dushe, sannan ta dube ni, ta juya ta kira Binta a madadina. A nan ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, yarinya ce siririya, da kan zo bakin wayar zubar da ruwa, mu yi caa a kanta. Ita ta gaya mana gaskiyar abin da ke ciki. Ta ce ledar ƙarin ruwa ba ta isa, sai wanda ya fi galabaita ake sa wa. Sauran ruwan magani ake ba su da cokali, kaɗan-kaɗan, ba tsayawa, kuma su ma'aikatan ba su da yawa, ba mai iya zama kan yaro ɗaya. Manya suna sha da kansu. Yara kuwa in sun ga baƙo ya rufe hanci da baki da farin ƙyalle sai su datse haƙora. Na kwatanta mata tawa, mai kitson shuku da ɗan kunnen roba ja. Ta ce wannan ai ko an ɗura mata sai ta furzar, ta juya fuska bango. Na zauna a cikin taɓon nan ban sani ba.

Da hantsi wani ma'aikaci kan fito ya faɗi sunayen waɗanda suka cika. Wata safiya ya faɗi Dauda. Saratu ba ta yi ihu ba, wayar kawai ta riƙe har ta yanke ta a tafin hannu. Ma'aikata ne suka binne shi, ubansa da fasto suna tsaye daga nesa. Na raka ta gida, na rasa me zan ce mata, don duk kalmar da na ɗauko sai in ji ta yi mini nauyi, tawa tana raye tata ba ta nan. Matan zumuntar cocinsu suka cika tsakar gidanmu, ni ina dafa musu ruwan zafi da azumi a bakina.

A zaman makokin nan Goggo Dudu ta shigo. Ita ce ungozomar unguwa, Bafulatana doguwa mai sanda, wadda rabin Bolari a hannunta suka faɗo duniya, kuma ba a taɓa jin ta rage murya don wani ba. Ta yi ta'aziyya, ta zauna, sannan ta ce ita fa tana shiga ɗakuna, kuma abin da take gani ya ishe ta. Mutane sun daina faɗa in nasu ya kamu. Suna ɓoye su a ƙuryar ɗaki suna ba su jiƙo, gwamma su mutu a hannunsu da a kai su inda ba mai riƙe musu kai. Ta ce kwamitin nan gobe zai zauna, duk maza ne, ba wanda ya taɓa ba yaro kunu a cikinsu, don haka sai mu je mu gaya musu. Wata ta ce ai ba a gayyace mu ba. Goggo ta ce ita ma cutar ba wanda ya gayyace ta.

Na ɗauka Saratu ba ta ma ji ba. Sai ta ɗago kai ta ce za ta je, tunda ta ɗan taɓa makarantar mishan, in likitan kwamitin ya yi Turanci za ta gane.

Ni matsalata Malam Isa. Ba na fita sai da izininsa, bakin waya ma don ya ga zan haukace ne ya bar ni. Zuwa ofishin hukuma a gaban manyan gari kuwa wani abu ne daban. Bayan ya sha ruwa na durƙusa na gaya masa. Ya daɗe yana juya kofin kunu a hannunsa, har na fid da rai. Can ya ce in tafi da lemarsa, tawa ta yage.

Washegari muka taru a ƙofar gidan Goggo. Matan kulle da ban taɓa ganin fuskarsu a waje ba, matan zumunta da ɗankwalinsu iri ɗaya, masu sayar da nono, masu tuwo-tuwo na tasha da aka rufe musu sana'a. Muka bi titi cikin yayyafi, ba mai magana, sai ƙarar silifas a taɓo. Maza a bakin shaguna suka bi mu da kallo. A ƙofar ofis masinja ya tare mu, ya ce manya na ciki ana taro. Goggo ta dogara sandarta ta ce ya shiga ya gaya wa shugaban kwamiti, matar da ta yanke masa cibiya tana tsaye cikin ruwa da azumi, in kuma ya manta ta tana iya faɗa wa jama'a irin kukan da ya yi ranar. Ba a jima ba aka ce mutum uku su shigo. Goggo ta kama hannun Saratu, ta kama nawa. Na miƙa Sani ga wata maƙwabciya na bi su.

Dogon tebur ne, ga shugaban kwamiti, ga babban duba-gari, masu unguwanni, liman, fasto, da likita, wani ɗan Indiya da idanunsa suka yi ja saboda rashin barci. Ba a ba mu kujera ba, mu ma ba mu nema ba, muka zauna a ƙasa. Goggo ta faɗi abin da ya kawo mu. Likitan ya saurara ta bakin tafinta, ya ba da amsa a hankali. Ya ce ba mugunta ta sa ba. In aka bar 'yan uwa suna shiga suna fita, cutar za ta bi su gida a hannu da tufafi, ya taɓa ganin haka a wani gari, gida guda ya ƙare. Wallahi da na ji shi sai na ga yana da gaskiya, kuma hakan ya ƙara karya mini zuciya.

Sai Saratu ta miƙe. Da Hausa ta yi magana, irin Hausarta mai ɗan karkacewa.

"Likita, nawa ya riga ya tafi, ba shi na zo nema ba. An ce mini yaran ba sa sha a hannun baƙo. To ku bar mu mu shiga, kada ku bar mu mu fito. Duk abin da kuka ce mu wanke, za mu wanke. Ku rufe mu tare da su."

Goggo ta ɗora da zancen waɗanda ake ɓoyewa. Ta ce duba-gari namiji ne, iyakarsa zaure, mu kuwa har ƙuryar ɗaki muke shiga, in aka sassauta dokar mu da kanmu za mu fito da su. Babban duba-gari ya ce shi bai san da wannan ba. Wani mai unguwa dattijo ya yi gyaran murya, ya ce gaskiya ne, ko a gidan ƙaninsa akwai.

Shugaban ya dube ni ya ce, ke fa, wa kike da shi a ciki? Na ce yarinya. Ya ce sunanta. Na dubi ƙasa. Ga liman, ga dattawa, ga Goggo da ta san 'yar fari ce. Na tuna fuskarta tana kallon bango.

"Binta," na ce. "Sunanta Binta. 'Yata ce, kuma ba ta sha."

Shi ne karo na farko da sunan ya fita daga bakina, kuma ba abin da ya faɗo daga sama.

Suka fitar da mu suka yi ta muhawara har azahar ta wuce. Da aka sake kiranmu, shugaban ya faɗi abin da aka tsayar. Kowane mara lafiya mace ɗaya za ta shiga jinyarsa, ba za ta fito ba sai an sallame shi, za ta riƙa wanke hannu da ruwan magani, a tafasa tufafinta kafin ta koma gida. Mata za su bi gida-gida su fito da waɗanda aka ɓoye, su kuma koya wa 'yan uwansu tafasa ruwan sha. Mata biyu za su riƙa zama a kwamitin duk ranar da ya zauna. Ina ta hamdala a zuciyata, har na fara tunanin zanen da zan ɗauka. Sai likitan ya ƙara magana, tafinta ya fassara: ban da mai ciki, ban da mai shayarwa. A daidai lokacin nono ya cika mini ƙirji har ya jiƙa rigata, ba yadda zan ɓoye.

A waje mata na ta murna suna rungumar juna. Ni na karɓi Sani na koma gefe na ba shi nono ina hawaye. Uwata tana Funtuwa, kafin saƙo ya je ta zo an yi kwanaki. Ba ni da kowa a garin nan. Ban ji zuwan Saratu ba, sai ganin ƙafafunta na yi a gabana.

"Ni zan shiga mata, Maman Binta," ta ce. "Ta san ni. Kuma ba abin da nake yi a gida yanzu."

Na ce ina, wurin da ya ci Dauda, ko kwana bakwai ba a yi ba. Ta ce in ta zauna a ɗakin nan tana kallon takalminsa, shi ne zai kashe ta, ba cutar ba. Mijinta bai hana ta ba. Da la'asar ɗin nan ta shiga, da ƙullin zane ɗaya da cokalin Binta na gida, wanda ta ce in ɗauko mata.

Sauran azumin a tsakanin kwari da waya na yi shi. Da safe in bi Goggo gidajen mutane, mu zauna da mata mu lallashe su, wasu su zage mu, wasu su fashe da kuka su ɗaga mana labule. Da rana in dama kunu mai ruwa-ruwa in kai bakin waya, in juye a tukunyarsu ba tare da ta taɓa tawa ba. Da yamma in zuba wa mijin Saratu tuwo tare da na Malam Isa. Saratu takan fito ta tsaya daga nesa ta ɗaga murya ta ba ni labari. Ranar farko ta ce sai da ta cire ƙyallen fuskarta daga nesa Binta ta gan ta, sannan ta yarda ta buɗe baki. Wata rana ta ce Binta ta riƙe abin da ta sha bai dawo ba. Wata rana kuma ta ce ta tashi zaune, har ta yi rigima wai kunun ba sukari. Ban taɓa jin daɗin rashin kunyar yaro irin na ranar ba. Sunayen da ake faɗa da hantsi suka riƙa raguwa. Ba duka aka tsira ba, wasu daga cikin matan da muka yi tafiyar nan tare da su ƙullin kaya kawai suka komo da shi, kuma har yau ina sa su a addu'a.

Salla ta zo ta wuce ba ɗinki ba kitso. Bayanta kaɗan ruwa ya ɗan tsagaita, rana ta fito, masara ta fara shigowa kasuwa. A irin wannan safiya aka buɗe ƙofar wayar. Saratu ta fito ta rame, zanenta ya koɗe saboda tafasawa. Binta na gefenta, an aske mata kai, wuyanta kamar sillen kara, amma da ƙafarta take tafiya. Na durƙusa na buɗe hannu. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta zagaya bayan Saratu ta riƙe gefen zanenta da hannu biyu.

Na ji kishi, ba zan ɓoye ba, ya soke ni har ƙahon zuci. Amma godiyar da ke raina ta fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Haka muka taho gida, ni a gaba da Sani, su biyu a baya, duk inda hanya ta yi santsi Saratu ce ke ɗaga ta.

Da muka shiga gida Saratu ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta kasa ɗaga labule. Ta sunkuya tana ɓamɓare yatsun Binta daga zanenta ɗaya bayan ɗaya, tana ce mata je ki wurin Mama, yarinyar na ƙara damƙewa. Na shiga ɗakina na naɗe 'yar tabarmar Binta da bargonta, na tsallaka tsakar gida, na ɗaga labulen da kaina.

"Maman Binta, taki ce fa," in ji Saratu.

Na ce, "Na sani. In Allah ya kai mu, gobe ma tawa ce. Yau dai a nan za ta kwana."

Na shimfiɗa tabarmar kusa da gadonta, na fito na bar su.